Clandon Park: a sake gina gidan da ya ƙone ko a bar shi kango?

A watan Maris na 2025 majalisar ƙaramar hukumar Guildford da ke kudancin Ingila ta amince da shirin gyaran wani tsohon gidan masu sarauta mai suna Clandon Park. Shirin ya ɗaure wa mutane da dama kai, domin mafi yawan ɗakunan gidan za su zauna ne yadda gobarar 2015 ta bar su, da bulo a tsirara da ragowar ado a jikin bango. Gidan yana sahun farko na gine-ginen da dokar Ingila ta ba wa kariya, mai shi ƙungiyar National Trust ce, wadda aka kafa musamman don adana kayan tarihi, kuma kamfanin inshora ya biya diyyar gobarar. To me ya hana a mayar da shi yadda yake? Amsar tana cikin tarihin gidan, da abin da dokar ta tanada da wanda ta yi shiru a kai, da kuma wata tsohuwar muhawara da masana gini suka shafe kusan shekara 150 suna yi.

## Mene ne gidan karkara, mece ce kariya

Clandon yana cikin abin da Turawan Ingila ke kira gidan karkara, wanda ba gidan manomi ba ne. Katafaren gida ne na basarake ko attajiri, a tsakiyar fili mai faɗin gaske, da lambu, da dawa ta kiwo da farauta, da gonakin da ake ba manoma haya, wani lokaci har da ƙauye sukutum da cocinsa. Kuɗin hayar gonakin ne ke riƙe gidan, shi kuma gidan yana nuna wa duniya matsayin mai shi. Kafin gyare-gyaren zaɓe na ƙarni na 19, mallakar irin wannan fili ita ce babbar hanyar samun kujera a majalisa.

Kariyar doka kuwa tana nufin an sa gini a cikin rajistar ƙasa ta gine-gine masu muhimmancin tarihi ko fasaha. An soma wannan tsari da dokokin tsara birane da karkara na 1944 da 1947, dokar da ake aiki da ita yanzu kuma ta 1990 ce. Hukumar Historic England ce ke kula da rajistar, wadda ke ɗauke da gine-gine kusan 400,000 a matakai uku. Fiye da kashi 90 cikin ɗari suna matakin ƙasa, galibinsu gidajen zama ne da shaguna da gadoji. Mataki na ɗaya, inda Clandon yake, bai wuce kashi biyu da rabi cikin ɗari ba.

Ainihin abin da dokar ta ce shi ne ba a rushe gini mai rajista, ba a ƙara masa, ba a sauya kamanninsa ciki ko waje sai da izinin ƙaramar hukuma. Yin haka ba izini laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku. Hukuma tana kuma da ikon tilasta wa mai gida ya yi gyaran gaggawa idan ya bar ginin yana lalacewa. Sai dai babu inda dokar ta ce da zarar wuta ta cinye ɗaki wajibi ne a sake ƙera shi kamar da. An rubuta ta ne da tunanin hana ɓarna daga hannun mutum, kuma a wannan giɓin rigimar Clandon ta samu wurin zama.

## Gidan da Leoni ya zana

Iyalan Onslow sun sayi filin Clandon a 1641. Gidan da ake magana a kansa Thomas Onslow ne ya sa aka gina shi a farkon shekarun 1730, bayan an rushe tsohon da ke wurin. Wanda ya zana shi Giacomo Leoni ne, mutumin Venice da ya zauna a Ingila, kuma shi ya fara wallafa cikakkiyar fassarar littattafan gini na Andrea Palladio cikin Ingilishi tsakanin 1715 da 1720. Palladio ya rayu a Italiya a ƙarni na 16, ya auna kangayen Rumawa, ya fitar da ƙa'idojin gini daga cikinsu: hagu da dama su yi daidai, tsawon ɗaki da faɗinsa da tsayinsa su bi lissafi, ado ya bi bayan tsari. Manyan Ingila na lokacin sun rungumi wannan salo hannu bibbiyu, suna ganin ya fi dacewa da mutumin da ke taƙama da natsuwa da ilimi.

Daga waje Clandon ba shi da wani kwarjini na a zo a gani. Dunƙulallen gini ne mai kusurwa huɗu, na jan bulo, da farin dutse a kusurwoyi da gefen tagogi. Dukiyar tana ciki. Mai shiga ta babbar ƙofa yakan faɗa kai tsaye cikin Zauren Mabul, wanda tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk kimanin ƙafa 40 ne, ya haɗiye hawa biyu na ginin. Fari ne fat. A gefe biyu akwai murhun ɗumama ɗaki da Michael Rysbrack, fitaccen masassaƙin dutse ɗan Antwerp, ya sassaƙa. A sama kuma rufin ɗakin ne ya fi ɗaukar ido: aikin filasta na magina masu jin Italiyanci, Giuseppe Artari da Giovanni Bagutti, waɗanda suka ƙera siffofin mutane da hannu tun filastar tana ɗanya, har ƙafafun wasu suna leƙowa ta gefen rufin kamar za su sauko. Ba a zuba irin wannan ado a mazubi, kowace gaɓa yatsun mutum ne suka murza ta. Wannan batu zai dawo idan an zo kan gardamar sake gini.

Wani ɗakin da ya yi suna shi ne falon kakakin majalisa. Mutum uku daga zuriyar Onslow sun riƙe kujerar kakakin majalisar wakilan Ingila, cikinsu har da Arthur Onslow da ya yi shekara 33 a kai, daga 1728 zuwa 1761, wanda har yau ba a samu wanda ya kai shi daɗewa ba. Filin da ke kewaye da gidan kuma mai tsara lambuna Lancelot Brown ne ya sake fasalinsa wajen 1780, ya kawar da lambuna masu layi-layi, ya bar ciyawa da tafki da rukunin itatuwa yadda mai kallo zai ɗauka haka Allah ya halicci wurin.

## Inda kuɗin ya fito

Thomas Onslow ya auri Elizabeth Knight a 1708. Ita ce ta gaji dukiyar wani ɗan'uwan mahaifinta, attajiri a Jamaika, wanda ya yi fataucin bayi, ya kuma mallaki gonar rake da bayin da ke nomanta. Masana tarihin gidan sun yarda cewa wannan gado yana cikin abin da ya ba da damar gina sabon gidan. Mutanen da suka yi aikin bauta a gonakin Jamaika a wancan zamani daga gaɓar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya aka kwaso su, ko su ko iyayensu.

An daɗe ana ratsa wannan zance a gurguje. A watan Satumba na 2020 ƙungiyar National Trust ta fitar da rahoto kan alaƙar wurare 93 da ke hannunta da mulkin mallaka da cinikin bayi, Clandon na ciki. Rahoton ya tayar da ƙura a tsakanin membobi, wasu suna ganin an faɗi gaskiyar da ta daɗe a rufe, wasu suna ganin ƙungiyar ta bar aikinta ta shiga siyasa. Daga wannan ƙura ce wata ƙungiyar matsin lamba mai suna Restore Trust ta fito a 2021, ita ce kuma daga baya ta shiga gaba wajen neman a sake gina Clandon. Wannan ya sa muhawarar gini ta cakuɗe da ta siyasa, ko da yake akwai masana da yawa da ke son a sake ginin ba tare da ruwansu da waccan rigima ba.

## Yadda gidan ya bar hannun masu shi

Daga shekarun 1870 hatsi mai araha daga Amurka ya karya farashin amfanin gona a Ingila, hayar gonaki ta faɗi. A 1894 aka shigo da harajin gado, wanda ya fara da kashi 8 cikin ɗari a kan manyan dukiyoyi, ya yi ta hawa har ya kai kashi 80 bayan yaƙin duniya na biyu. Barorin da ke riƙe da gidajen sun tafi yaƙi ko masana'antu, ba su dawo ba. Iyalai da dama suka sayar da kayan ɗaki, suka cire rufi, suka rushe. An ƙiyasta cewa a 1955 ana rushe irin wannan gida ɗaya duk kwana biyar.

National Trust, wadda Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley suka kafa a 1895, ƙungiyar sa-kai ce, ba ma'aikatar gwamnati ba. Dokar 1907 ta ba ta ikon ayyana kadara a matsayin wadda ba a sayarwa ko jinginarwa, sai in majalisar dokoki ta sa baki. A 1937 aka buɗe mata hanyar karɓar gidajen karkara daga iyalan da haraji ya sha wa kai. Clandon ya yi aikin asibitin sojoji a yaƙin duniya na ɗaya, ya zama ma'ajiyar takardun gwamnati a na biyu, ya fito a gajiye. Gwendolen Guinness, 'yar gidan Onslow da ta yi aure a gidan attajiran Guinness, ita ta saye shi daga hannun danginta ta miƙa wa ƙungiyar a 1956. Gidan da ɗan lambun da ke jikinsa kawai aka bayar. Babban filin yana hannun iyalin har yanzu.

Akwai abin lura a nan. Gidan ya zo hannun ƙungiyar kusan wayam. A ƙarshen shekarun 1960 aka ɗauko mai adon ɗaki John Fowler ya sake masa fenti da labule, aka cika ɗakunan da kujeru da tangaran da wata attajira, Hannah Gubbay, ta bar wa ƙungiyar. Ke nan Clandon ɗin da 'yan yawon buɗe ido suka sani kafin gobara haɗin gambiza ne na aikin 1730 da ɗanɗanon 1970.

## Gobarar 2015 da sauyin shawara

Da yammacin 29 ga Afrilu, 2015, wuta ta tashi daga akwatin rarraba lantarki a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Binciken hukumar kashe gobara ta Surrey, gundumar da gidan yake, ya nuna ta bi ta ramukan da ke tsakanin bango da rufi ta haye sama cikin sauri. Rufin gidan ya rufta, benaye suka zube a kan juna. Ba a yi asarar rai ba. Ma'aikata da 'yan kwana-kwana sun fitar da kaya kusan 400, sauran dubbai suka tafi, har da mafi yawan kayan gidan tarihin rundunar sojan Surrey da ke ƙasan ginin. Bangon waje ya tsaya. Falon kakakin majalisa ya tsira da ɗan rauni, murhunan Rysbrack ma suna nan a Zauren Mabul, amma rufin Artari da Bagutti ya zama gutsattsari a cikin toka, waɗanda masu tono suka yi ta tsincewa ɗaya bayan ɗaya suna sa musu lamba.

A farkon 2016 ƙungiyar ta sanar cewa za ta mayar da manyan ɗakunan hawan ƙasa yadda suke a ƙarni na 18, na sama kuma a yi su da salon zamani. A 2017 kamfanin masu zanen gini na Allies and Morrison ya ci gasar aikin. Sai a watan Yuli na 2022 ƙungiyar ta sauya magana. Sabon shirin shi ne a gyara bangon waje da tagogi, a yi sabon rufi mai tagogin haske wanda mutane za su iya hawa su hangi karkara, a kafa matakala da gadoji a cikin ginin, a adana falon kakakin majalisa, sauran ɗakunan kuma a ƙarfafa su a bar su yadda wuta ta bar su. Wannan juyawa, bayan shekara shida da alkawarin farko, ita ta fi ɓata wa masu suka rai.

## Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu son a sake ginin, ciki har da Georgian Group, ƙungiyar da doka ta ce a riƙa sanar da ita kafin a rushe wani sashe na ginin wancan zamani, suna cewa darajar Clandon a cikinsa take. In an cire Zauren Mabul, abin da ya rage akwatin bulo ne da bai cancanci mataki na ɗaya ba. A ganinsu fasahar tana cikin tsarin da Leoni ya zana, tsari kuma ana iya maimaita shi muddin akwai hotuna da awo da gutsattsarin asali. Suna kafa hujja da Uppark, wani gidan National Trust ɗin a Sussex da ya ƙone a 1989, aka mayar da shi yadda yake aka buɗe a 1995. Suna ƙarawa da fadar Windsor bayan gobarar 1992, da cocin Notre-Dame na Faransa da ya ƙone a 2019, aka sake buɗe shi a Disamban 2024. Suna kuma tambayar amfanin kuɗin inshora, wanda rahotanni suka ce ya haura fam miliyan 60, idan ba a mayar da abin da aka yi wa inshorar ba.

National Trust tana amsawa da cewa Uppark daban ne: a can an ceto mafi yawan kayan ɗakunan ƙasa, kuma abin da ya tsira na ado ya isa a ɗora gyara a kansa. A Clandon abin da ya saura bai kai ba, saboda haka duk abin da za a yi sabon aiki ne da zai yi shigar tsoho. Ta ce wutar ta tone abin da ba a taɓa gani ba, wato yadda aka jera bulo, da hanyoyin hayaƙi, da ƙofofin da aka toshe, da alamomin da kafintoci da magina suka bari. Gidajen da aka ƙawata suna da yawa a Ingila. Wanda ke nuna ƙashin bayan ginin ƙarni na 18 a fili kuwa da wuya a same shi.

Wannan matsayi yana da tsohon asali. John Ruskin, marubucin Ingila na ƙarni na 19, ya ɗauki sake gina tsohon gini a matsayin yaudara, William Morris kuma ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877 a kan aƙidar a gyara abin da ke nan, kada a ƙirƙiro abin da ya tafi. A Faransa mai zanen gini Viollet-le-Duc ya bi kishiyar hanya, yana kammala tsofaffin coci-coci yadda yake ganin ya kamata su kasance. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana tsofaffin gine-gine ta karkata ga su Morris, ta ce gyara ya tsaya daga inda zato ya fara. Takardar da aka fitar a birnin Nara na Japan a 1994 ta sassauta, ta yarda cewa ma'anar asali ta danganta da al'ada. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan: ana sake yaɓe bayan damina, ƙasar jikin bangon ta sauya sau da yawa, amma ba wanda ke cewa gidan ba na kakansa ba ne.

Kowane ɓangare yana da inda hujjarsa ke rawa. Masu son sake gini ba su cika fayyace wane Clandon za a mayar ba, na Leoni ko na Fowler, kuma rufin da aka murza da hannu ba ya maimaituwa daidai ko da gwanin ya kai gwani. Ita kuma ƙungiyar, gadojin ƙarfe da dandalin kan rufi su ma sabon abu ne da za a cusa wa ginin, kuma bangon da aka tsara don a rufe shi da filasta bai taɓa zama abin da maginansa suka so a gani ba.

A lambun gidan akwai misalin da ya ƙara dagula lissafin. Hinemihi ɗakin taro ne na al'ummar Maori, 'yan asalin New Zealand, wanda ya ba mutane mafaka lokacin da dutsen Tarawera ya yi aman wuta a 1886. William Onslow, gwamnan New Zealand, ya saye shi a kan fam 50 ya kawo Clandon a 1892. Gobarar ba ta ci shi ba. A 2019 National Trust ta amince, bisa manufa, a mayar da sassaƙe-sassaƙensa na asali gida, a kawo sababbi daga hannun masassaƙan Maori a madadinsu. A fili ɗaya ke nan an karɓi sabon aikin hannu a matsayin ci gaban tsoho a ɗakin katako, an ƙi shi a zauren filasta. Masu kare ƙungiyar suna cewa bambancin shi ne sassaƙar Maori ba ta taɓa yankewa ba, tana hannun zuriyar masu ita, alhali babu wanda ya gaji Artari kai tsaye.

## Abin da zai shafi jama'a

Membobin National Trust sun haura miliyan biyar, kuɗin rajistarsu ne babban jigon ƙungiyar. An kai batun Clandon gaban taronsu na shekara-shekara, masu neman a sake ginin ba su yi rinjaye ba. Ga mai ziyara, abin da zai tarar wurin koyon yadda ake gini ne fiye da wurin kallon kayan alatu, kuma babu tabbacin irin wannan zai riƙa jawo mutum ya dawo karo na biyu. Ƙauyen West Clandon da kewaye sun rasa cinikin baƙi da na bukukuwan aure da ake yi a Zauren Mabul tun 2015.

Masu sana'ar hannu su ne hukuncin ya fi taɓawa kai tsaye. Aikin Uppark ya farfaɗo da ƙera adon filasta da hannu bayan sana'ar ta kusa ɓacewa a Ingila, waɗanda suka koya a can kuma sun yi aiki a wasu wurare daga baya. Shirin Clandon zai ba magina da kafintoci da masu adana kayan tarihi aiki, amma ba zai horar da sabon rukunin masu irin wancan ado da yawa ba.

Sai masu ƙananan gidaje masu rajista, waɗanda su ne mafi rinjaye. Mutumin da ke zaune a gidan da ke matakin ƙasa na rajistar yana neman izini kafin ya sauya tagar katako da ta roba, ana kuma yawan hana shi. Masu suka suna cewa zai yi wuya a gamsar da shi idan ya ga an bar babbar ƙungiya ta kafa gadoji a cikin gini na mataki na ɗaya. Suna kuma fargabar cewa mai gidan da wuta ta ci nan gaba zai karɓi kuɗin inshora ya nuna Clandon ya ce shi ma kango zai bari. A tsarin Ingila kowace buƙatar izini ana duba ta ne da kanta, hukuncin Guildford bai ɗaure wata ƙaramar hukuma ba. Amma lauyoyi da jami'an tsare-tsare sukan jawo hukuncin baya su kafa hujja da shi, kuma gobarar tsofaffin gidaje, musamman ta lantarki da ta lokacin gyaran rufi, ba ta daina aukuwa a ƙasar ba.